Farar Allura da Sunan da Na Kasa Faɗa

Assalamu alaikum, masu wannan mujalla da masu karatunta. A zamanin da Mubi take cikin Jihar Gongola, ni ƙaramar matar aure ce mai goyo, wadda ba ta taɓa shiga aji ba, ba ta kuma taɓa ɗaga murya a gaban babba ba. Har yau ban iya riƙe alƙalami ba. Jikata ce take rubutawa ni ina faɗa, na kuma ce mata kada ta gyara mini magana, kada ta sa sunan kowa. Mahaifina ɗan kasuwa ne, iyayensa daga ƙasar Katsina suka zo. Mahaifiyata kuwa Bafulatana ce daga wani ƙauye a bayan Maiha. To kun ga, kunya ta ɓangare biyu na gada, da ita aka yaye ni, da ita aka kai ni ɗakin miji. Mijina yadi yake sayarwa, yau yana kasuwar Mubi, gobe yana kasuwar Uba, wani lokaci ya yi nisa wajen saro kaya. Gida ɗaya muke da mahaifiyarsa, wadda kowa yake kira Inna, ita ce kuma mai magana a gidan.

'Yan yanzu ba za su gane yadda muke da ɗan fari ba, don haka bari in faɗa. Mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta goya shi a gaban surukai, ba ta nuna cewa ciwonsa ya dame ta. In aka tambaye ta ɗan wane ne, sai ta sunkuyar da kai, ko ta ce ɗan gidansu ne. Wadda ta fi iya wannan ita ake yabo, a ce 'yar mutunci ce. Haihuwata ta fari mace ce. Da aka yaye ta sai ta koma ɗakin Inna, can take kwana, can take ci. Inna take kira uwa, ni kuwa Adda take ce mini, wato yaya da Fulatanci. Yarinya ce mai baki kamar rediyo. In mai tallan nono ta wuce, sai ta ɗora ƙwarya a ka tana kwaikwayon kiranta har cikin gida ya ɗauki dariya. Inna takan ce mata ƙawata, takan tsokane ta wai ta cinye mata goro, ita kuma ta ce ai tsohuwa ba ta da haƙoran tauna shi. Ni ina bakin murhu ina ji, ina juya tuwo, ina haɗiye dariyata don kada a gani.

Akwai abin da na sani game da yarinyar nan wanda babu wanda ya sani a gidan. Tun tana shan nono na tafi da ita ganin gida, can wajen mahaifiyata. Maruru ya fito mata a cinya ya ƙi fashewa. A ƙauyen akwai wani mai allura da yake zuwa a kan keke ranar kasuwa, da akwatinsa na ƙarfe, yana dafa alluransa a gwangwani. Ya ɗauko wata kwalba ya girgiza, ruwan cikinta fari kamar madara, ya zuƙa ya yi mata. Bai gama ɗaure akwatinsa a keke ba leɓenta ya kumbura, idanunta suka rufe, jikinta ya tashi ruɗu-ruɗu, numfashinta ya koma fito kamar iska a ramin gora. Na ga gumi yana zuba daga haɓar mutumin nan. Allah ya sa da rana ta yi sanyi abin ya lafa. Kafin ya hau kekensa ya durƙusa gaban mahaifiyata ya ce don girman Allah kada a ƙara yi wa yarinyar nan farar allura, jininta ba ya karɓarta, kuma na biyu ya fi na farko muni. Mahaifiyata ta juyo ta ce in riƙe wannan a kaina.

Na riƙe a kaina, a nan kuma ya zauna. Da na dawo Mubi, ta ina zan fara? In buɗe baki a gaban Inna in yi zancen 'yar fari? In tare mijina da maganarta? Na ce zan faɗa wa ƙanwarsa ta isar, ƙanwar ta yi aure ta bar gari. Na ce wata rana, wata rana. Damina ta zagayo mahaifiyata ta rasu. Daga nan ya zama duk duniya ni kaɗai na sani, ni da wani mai keke da ban san inda yake ba.

Sai wata bazara ta zo, wadda tsofaffin unguwarmu har yau in an tuna ta sukan yi shiru. Ƙyanda ta shigo gari. Zafi ya sauko daga duwatsu ya zauna a kan rufin kwano, ko ganye ba ya motsi. Kullum da safe sai ka ji kuka ya tashi daga wani gida, jim kaɗan ka ga maza sun wuce ta lungu ba makara, mutum ɗaya rungume da ƙaramar tabarma a naɗe. Yara suka daina wasa a waje. Yarinyar nan ba ta kai shekara biyar ba lokacin, ni kuma ina goyon ƙanenta. Ƙyandar ta kama ta, ta feso, ta bushe, muka ce an tsira. Ashe tari ya sauka ƙirji. In ta ja numfashi sai ka ga haƙarƙarinta ya lotsa. Inna ta yi jiƙo, ta yi hayaƙi, ta shafa abin shafawa. Ni kuwa sai in kai kunu bakin ƙofar ɗakin in ajiye, in saci kallo ta gefen labule, in koma. Bakin nan da ba ya shiru ya yi shiru. Mijina ya yi tafiya. Wata safiya Inna ta fito da ita a goye, fuskarta a ɗaure, ta ce in ɗauki tabarma da buta in biyo ta asibiti.

Muka bi ta mayo, kogin da ya ratsa gari. Ya ƙafe ƙaf, sai yashi mai ƙona tafin ƙafa, mata suna tonon ruwa a tsakiyarsa. Inna tana gaba, kan yarinyar yana lilo a bayanta, ni ina baya ina kallon ƙafafunta biyu da suka rame. Ba zan faɗi sunan asibitin ba, don ba shari'a na kawo ba. Da muka shiga sai na ga kamar duk garin ya taru a nan. Ƙarƙashin kowace bishiyar darbejiya mata ne a zaune da yara a cinya, wasu yaran suna kuka, wasu sun wuce kuka. Warin magani ya gauraya da warin ciwo. Can a kan rufin baya ungulaye sun jeru, sun buɗe fikafikai saboda zafi. Muna shiga wata mata tana fita, zanen goyonta a hannu, bayanta babu kowa, ba ta kuka, tana tafiya kamar mai barci. Inna ta yi salati ta kau da kai.

Gwiwar Inna ta gaji, sai ta zauna a inuwa da yarinyar ta ce in je in karɓo kati. Na bi layi har na kai taga. Wani saurayi ne a ciki, biro a bayan kunne, Hausarsa rabi Turanci. Bai ɗago ba ya ce sunan marar lafiya. Na ce yarinyar gidanmu ce. Ya ce ya ji, sunanta. Na ce jikar Inna ce. Sai ya ɗago ya dube ni, ya ce shin akuya na kawo ko mutum, don ko akuya a garinsu tana da suna. Ya ce 'yar wace ce? Na sunkuyar da kai. Wata dattijuwa a bayana ta ce masa ɗana yi haƙuri, 'yar farinta ce, ba za ta iya faɗa ba. Wallahi da ya tsaya a nan da ban kawo muku labari ba. Sai ya kece da dariya, ya kira abokin aikinsa ya ce ya zo ya ga uwar da ba ta san sunan 'yarta ba. Ya ce nan asibiti ne ba ruga ba, in kunya tana maganin ciwo in koma gida in jiƙa mata ta sha. Ya ce in matsa gefe, masu sunan 'ya'ya suna jira. Wasu suka yi dariya, ba duka ba, amma a kunnena kamar duk asibitin ne. Na koma na faɗa wa Inna ana kiranta. Ta tashi tana ɗingishi, ta je ta faɗi sunan, ta kuma ce masa shi ma uwarsa ba a kasuwa take kiran nasa ba. Aka ba ta kati. Na ƙudurta a raina ba zan ƙara buɗe baki a gidan nan ba.

A ɗakin likita aka ce mutum ɗaya ne zai shiga da yaro. Inna ta shiga, kamar yadda ya dace. Ban gama gyara goyona ba ta fito. Ta ce ya ɗora mata abin sauraro a ƙirji, ya tambayi yaushe tarin ya fara, ya yi rubutu, ko fuskarta bai duba ba saboda layin da ke bayanta. Ta ce allura ya rubuta. Da na ji kalmar nan sai na tuna mai keke. Na ce wa kaina allurai ai suna da yawa, akwai mai kama da ruwa, akwai rawaya, ba lallai ce waccan ba. Na yi ta faɗa wa kaina haka har muka isa.

Ɗakin allura yana da dogon benci a baranda, ƙofarsa a buɗe. Mata suna zaune a jere, in aka kira ta gaba sai kowa ta matsa. Inna ta zauna a ƙarshe da yarinyar a cinya. Ni na tsaya jikin ginshiƙi, inda nake hango teburin ciki. Wata nas ce matashiya, farar rigarta ta jiƙe da gumi, idanunta ja kamar wadda ta daɗe ba ta runtsa ba. Na ga ta ɗauki kwalba ta girgiza. Na ga ta juya ta a haske. Fari ne kamar madara. Ta yi wa yaron farko, ta girgiza wata, ta yi wa na biyu. Kowane yaro ita ce ake yi masa. Benci kuwa yana matsawa. Kowane kuka ya tashi daga ciki, Inna ta ƙara kusantar ƙofa.

Na je na durƙusa gefen Inna, idona a ƙasa. Na ce mata a hankali wai na taɓa ji an ce akwai yaran da farar allura ba ta karɓarsu. Ku ji yadda na faɗa: wai na ji, wai akwai yara. Ban ce wannan ba. Ban ce na gani da idona ba. Iyakar inda kunyata ta bar ni in kai ke nan, na kuma zaci za ta gane. Inna ta harare ni ta gefen ido, ta ce yau kuma ni ce likita? Ta ce duk yaran nan da aka yi wa ga su nan suna fita da ƙafafun iyayensu. Ta rage murya ta ce in tashi mutane suna kallo, kada in ba ta kunya bayan wadda aka sha a taga, in je in ba wancan nono. Ita a ganinta tsoro ne irin na uwa ya fito mini, tana rufa mini asiri. Na tashi na koma jikin ginshiƙi. Benci ya matsa.

Da aka kira su, ƙafafuna suka tafi da kansu. Na tsinci kaina a bakin ƙofa. Inna ta kwantar da ita a cinya ta yaye mata zane, nas ɗin tana girgiza kwalba. Na ce sannu da aiki, muryata ko ni da ƙyar na ji ta. Ba ta juyo ba ta ce mene ne, ba ta son cunkoso. Na ce allurar nan. Sai ta juyo da sirinji a hannu, ta ce ni ce uwar yarinyar? Ta ce in ni ce uwar in yi magana da sauri, in ba ni ba ce in fita mata daga ƙofa in bar iska ta shigo. Inna ta ɗago tana kallona. Matan benci suna kallona, cikinsu har da waɗanda suka yi dariya a taga. Yarinyar ma ta juyo da kanta tana kallona. Jama'a, tambaya ɗaya aka yi mini a asibitin nan wadda za ta ceci 'yata, aka yi mini ita da tsawa, a gaban surukata, a gaban taro. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne a'a, ni addarta ce. Ta ce to adda ta jira a waje. Na ja da baya. Na ga allurar ta shiga.

Yarinyar ta yi ƙara ta kira ni, Adda, sau ɗaya. Inna ta rarrashe ta, ta ce ƙawata an gama, ta goya ta. Na ce a raina ko Allah ya sauƙaƙa, ko ta girma jininta ya canja. Ba mu sauka daga baranda ba na ji fiton nan. Fiton da na sani, iska a ramin gora. Na leƙa bayan Inna, leɓen ya kumbura, idanu sun shige, fuskar tana komawa launin toka. Sai kanta ya faɗi gefe, hannunta ya saki wuyan Inna. Fiton ma ya tsaya.

A nan na kira sunanta. Tun ranar da aka raɗa mata shi ban taɓa furta shi ba, ko ni kaɗai a ɗaki. Na ƙwala shi har ungulayen nan suka tashi daga rufi. Na fizge ta daga bayan Inna, zanen ya yage, na ruga ciki ina cewa 'yata ce, ni na haife ta, farar allura ce, an hana, an hana. Nas ɗin ta tsaya sandare da kwalba a hannu. Wata babbar nas ce ta shigo a guje, dattijuwa mai furfura a gefen kai, da ɗan gicciye a wuya, daga baya na ji mutuniyar duwatsun Michika ce. Ta karɓe ta daga hannuna ta shimfiɗa a tebur, ta yi wata ƙaramar allura, tana danna mata ƙirji tana hura mata iska a baki, tana ba da umarni. Likitan nan da bai ɗago kai ba ya shigo da gudu, takalminsa ɗaya ya fita a ƙofa bai koma ya ɗauka ba. Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba. Na san dai na ga Inna a ƙasa, ɗankwalinta ya faɗi, tana jan carbi ba ta san ya tsinke ba. Can, can, sai na ji wani ɗan tari kamar na mage. Numfashi ya dawo. Amma ya daɗe a inda ya je.

Da aka kai ta gado, dattijuwar nas ɗin ta ce wa Inna ta zauna kusa da ita ta riƙe mata hannu, kada ta motsa. Ni kuma ta ja ni bayan ɗakin, inda babu kowa. Ba ta zauna a kujera ba, ƙasa ta zauna tare da ni da farar rigarta. Ta kwance goyona ta ɗora shi a kafaɗarta tana jijjigawa, ta ba ni ruwa. Sai ta yi mini Fulatanci. Ba ta ce ni ce uwar ba, ba ta tambayi suna ba. Cewa ta yi, baƙuwar nan tamu da ke kwance, ko ta taɓa yin irin haka a baya? Shi ke nan. Sai bakina ya buɗe kamar an cire toshiya. Na faɗa mata maruru, na faɗa mata mai keke, na faɗa mata taga da dariya, na faɗa mata abin da na ce a bakin ƙofa. Ta ce su ma a duwatsunsu akwai abin da mace ba ta faɗa a gaban surukai, ta san nauyinsa. Ta ce wannan tambaya da safe ya kamata a yi mini ita, ba yanzu ba, kuma a wuri irin wannan ya kamata a yi ta. Ba ta ce ba ni da laifi ba, ba ta kuma ce ina da shi ba. Kafin a sallame mu ta murza jan zare ta ɗaura wa yarinyar a wuyan hannu. Ta ce tunda ban iya karatu ba ga nawa rubutun: duk ranar da na ga an nufo hannun nan da allura, in dubi zaren in yi magana, ko a gaban wa.

Ita kuwa matashiyar nas ɗin, na gan ta da yammacin ranar a bayan gini, ta dafa bishiya tana kuka har tana shessheƙa. Na daɗe ina jin zafinta a raina. Sai da na manyanta na tuna jan idanunta da tsawon bencin nan, na gane ita ma an bar ta ita kaɗai da garin da ke mutuwa. Na yafe mata. Saurayin taga ne na fi daɗewa ban yafe wa ba, don shi babu abin da ya hana shi kirki, dariya kawai ya so.

Yarinyar ta farka bayan kwanaki. Ta buɗe ido, ta gane mu. Amma harshenta ya yi nauyi, hannunta na hagu da ƙafar suka ƙi bin umarninta. Tallan nono ya tafi, tsokanar goro ta tafi, waƙoƙin duk sun tafi. Ranar da muka koma gida, da muka kai tsakiyar yashin mayo, Inna ta tsaya. Ta kwance goyonta a gaban matan da ke tonon ruwa, ta karɓi jaririn daga bayana, ta ce in goya 'yata. Ta ce da ma na ja ta gefe na faɗa mata ƙarara. Sai ta girgiza kai, ta ce a'a, ba ta ba ni hanya ba, ita ce ta ce in tashi mutane suna kallo. Daga nan har ta koma ga Allah ba mu ƙara tayar da maganar ba, amma ba ta sake cin goro ba. Mijina da ya dawo ya ji, ya ce haka Allah ya ƙaddara. Gaskiya ne. Sai dai na san ta bakin wa ƙaddarar ta bi.

Abin da ya sa na tono wannan bayan shekaru masu yawa, kwanan baya ne na ji a rediyo ana cewa yanzu a ƙasashen duniya ana ta kiran masu aikin asibiti su riƙa sauraron marar lafiya da danginsa, su dube shi a matsayin mutum ba ciwo kawai ba. Ni ban san ƙasashen duniya ba, iyakata Yola. Amma na san abin da suke nufi tun kafin su faɗa. Magani yana nan a asibitin nan, likita yana nan, masu gudu su ceci rai suna nan. Abin da babu da safiyar nan shi ne wanda zai rage murya. Don haka ku 'ya'yana masu farar riga, na san kuna gajiya, na san layi ba ya ƙarewa. Amma in kun ga mace ta tsaya jikin ginshiƙi ta yi shiru, idonta a kan yaron da wata ta riƙe, kada ku ɗauka ba ruwanta. Wataƙila ita ce ta san abin da ba ya cikin kati. Ku ja ta gefe. Ku tambaye ta ko an taɓa yin haka. Kada ku yi wa al'adar mutum dariya a gaban taro, don bakin da kuka rufe a taga shi ne za ku nema a ɗakin allura ku rasa.

Ku kuma mata 'yan uwana, ban zagi kunya ba, ita ta rufa mana asiri a gidajenmu. Amma in kin kai ƙofar asibiti ki tuɓe ta ki ajiye a waje, kya ɗauka in kin fito. In an yi miki tsawa ki faɗa, in an yi miki dariya ki faɗa, in surukarki tana kallo ki faɗa. Dariyar taga yini ɗaya ta yi, ni kuwa abin da na saya da shiruna har yau ina goye da shi.

'Yata tana nan zaune kusa da ni yanzu da ake wannan rubutu, furfura ta fara fito mata, tana ɓarar gyaɗa da hannu ɗaya. Jan zaren yana wuyan hannunta, in ya tsufa in murza wani. Kowace safiya sunanta ne farkon abin da nake kira bayan salla, da ƙarfi, maƙwabta suna ji. Ita kuma takan amsa da kalmar da harshenta ya fi iyawa, Adda. Ɗazu jikata ta ajiye biro ta tambaye ni me ya sa ban taɓa koya mata ta kira ni uwa ba. Na ce mata ta ɗauki bironta ta rubuta: a gaban idon 'yata aka tambaye ni ko ni ce uwarta, da kunnenta ta ji amsar da na bayar.